Kafin Ƙanƙarar Praz-Morin Ta Narke

Lyon, 4 ga Maris, 2007

Zuwa ga ƙanwata Raliatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Inna Safi, da Baba Ilya. Yaya ƙafar Inna? Mama A'i ta ce mini tana kumbura idan ta daɗe a tsaye. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta kama Baba Saley, ita ma ta yi sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma tun da aka yaye ni a Damagaram aka ba Baba Saley da Mama A'i riƙona, ban taɓa yin sati guda a ɗaki ɗaya da ke ba. A waya kuma kin san halina, ina gama "ina wuni" sai maganar ta ƙare mini. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kuma da Hausa, don ki karanta wa Inna ba sai kin fassara ba.

Ga maganar. Kwamitin ma'aikata na wurin aikin Baba Saley ya ba shi ɗaki a wani ƙauye cikin duwatsun Savoie, sunansa Praz-Morin, inda ake yin ski, wasan zamiya a kan ƙanƙara. Na duba kalandar lakwal, ta hutun makarantu, da kyau. Hutunmu na Lyon da naku na Paris ba su haɗu ba sai a satin Pâques, wato Ista. Baba Saley ya ce ku taho ranar Asabar, ya tarbe ku a tashar Part-Dieu, mu wuce da mota. Ya san Baba Ilya ba zai samu hutu ba, amma ke da Inna za ku iya.

Matsala ɗaya ce. Bana ƙanƙara ba ta zuba sosai ba. Na je can da ƴan ajinmu a Janairu, har a lokacin ana ganin ciyawa a gindin dutsen, kuma Praz-Morin ba shi da tsawo kamar manyan wuraren. Mutanen ƙauyen sun ce idan ɗumi ya ci gaba za su rufe da wuri, idan kuma ta ƙara zuba kafin ƙarshen wata za su bari a buɗe. Kowace Alhamis Baba Saley yana kiran su. Zan riƙa gaya miki abin da suka ce.

Kada ki damu da kaya. Ina da rigar sanyi da wandon ski na bara da suka yi mini kaɗan, za su yi miki daidai. Inna kuma ba sai ta yi ski ba, ana barin masu takalman gida su hau su ga wuri.

Don Allah ki karanta mata, ki rubuto mini abin da ta ce, yadda ta faɗe shi.

Yayarki,
Sahadatou


Saint-Denis, 10 ga Maris

Sahadatou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inna tana nan yadda take, ni ke matsa mata da yamma, tunda kin tambaya.

Na karanta mata takardarki tana yankan albasa. Kin ce in faɗa miki yadda ta faɗa, to ga shi. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "A ce wa ta gidan Saley an ji." Can kuma ta ce, "In babu ƙanƙarar me za a je yi?" Sannan ta ce in miƙo mata gishiri. Shi ke nan. In kina jiran a ce ta yi hawaye, albasar ma ba ta sa ta ba.

Kayanki na bara kuwa, merci, ki ba masu tara tsummokara. Gaskiya ne ba ma yin ski a Saint-Denis, amma ba tsirara muke yawo ba. Franchement, takarda ta farko da kika taɓa rubuto mini a duniya, in buɗe in tarar da tsohon wandonki a ciki.

Ni ban ma gane tafiyar ba. Waɗanda suka san ski a Fabrairu suke zuwa. Wata ƴar ajinmu ta ce a Afrilu babu mai zuwa sai wanda aka ba ragowar ɗaki. Mu kulle gida, mu sa Inna a jirgin ƙasa na TGV da ƙafa a kumbure, don mu je mu kalli taɓo? Taɓo akwai shi a bayan gininmu, ba sai an shiga jirgi ba. Ga jarrabawar brevet a gabana bana, ko da yake na san wannan ba komai ba ne a wurin ƴan lise, ku na babbar sakandare.

Abu na ƙarshe. Na ga kin sa "yayarki" a ƙasa. A wurina yaya ita ce wadda ta goya mutum. Ni ban san bayanki ba.

Raliatou


Lyon, 15 ga Maris

Zuwa ga Raliatou,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Baba Ilya. Allah Ya ƙara wa ƙafar sauƙi, ke kuma sannu da ƙoƙari. Murar Baba Saley ta tafi.

Ki yi haƙuri da maganar wando, ban yi don raini ba. Allah Ya ba da sa'ar brevet, ni ma na sha wuyarta.

Yau Alhamis, an kira Praz-Morin. Ruwan sama aka yi har tsakiyar dutsen. Sun ce suna kwaso ƙanƙara da mota daga wuraren inuwa suna shimfiɗawa a hanya ɗaya don kada ta yanke. Amma masu meteyo, masu hasashen yanayi, sun ce sanyi zai dawo sati mai zuwa. A ce wa Inna ba a yanke ƙauna ba tukuna.

Takarda ta biyu da ke cikin ambulan ɗin taki ce.

WANNAN TA RALIATOU CE ITA KAƊAI.

Kin ce ba ki gane tafiyar ba. Zan gaya miki, don ba ni da wanda zai taimake ni sai ke.

Ni ce ƴar fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona, ba ta yi mini magana sai ta bakin wani. Na san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, Mama A'i ta sha gaya mini haka uwarsu ta yi wa babban wansu har ta rasu. Kaina ya sani. Amma ki tuna da kuka zo Lyon da ƙaramar salla. Ta kawo mini alkaki, ta miƙa wa Mama A'i ta ce, "A ba yarinya." Ina tsaye a tsakaninsu, har gefen mayafinta ya shafi hannuna. Mama A'i ba ta rage ni da komai ba, kada ki ɗauka ƙararta nake kawowa. Ke dai ba za ki gane ba, tunda kullum kina jin sunanki a bakin Inna.

A Praz-Morin akwai abin da ake kira telesiyej. Kujera ce ta mutum biyu, a rataye jikin waya, tana ɗaukar mutane daga ƙasa zuwa kan dutse. Da zarar an sauke ƙarfen gaba ta tashi, babu mai shigowa, babu mai jin abin da ake faɗa. A Janairu na hau da wata ƴar ajinmu da ba ta taɓa ce mini ko bonjour ba, kafin mu kai sama ta gaya mini iyayenta za su rabu. Tun ranar nake tunani. Kunyar nan don idon mutane ake yin ta. A sama babu ido.

Ba na neman ta kira sunana. Magana ɗaya nake so, wadda za ta fito daga bakinta ta zo kunnena ba ta bi ta kan kowa ba.

Idan ƙanƙara ta ƙare, kujerar ba ta tashi. Kuma ba ni da baɗi. Aikin Baba Saley zai ƙare bana, da damina za mu koma Yamai. Ba a gaya wa mutane ba tukuna.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki lallashe ta ta zo. In mun shiga layi, ki ce ke da Mama A'i za ki hau. Kada ki gaya wa kowa.

Sahadatou


Lyon, 26 ga Maris

Raliatou,

Ina gaishe ki, don an koya mini in fara da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Kullum in na dawo daga lise sai na duba akwatin wasiƙu, babu komai. Na ce karatu ne ya riƙe ki. A tsakani sanyi ya dawo, ƙanƙara ta zuba a Praz-Morin har ta rufe ciyawar. Da Baba Saley ya ajiye waya ya ce "ta zuba", na shiga ɗaki na yi raka'a biyu.

Jiya Hajiya Fatsima maƙwabciyarku ta kira Mama A'i. Wayarmu tana da ƙara, ina kicin ina jin komai. Dariya take har da tari. "A'i, ashe ɗiyar taku ta shirya sace uwarta a kujerar sama! Ƴaƴan Faransa, Allah Ya shirya mana!" Ta faɗi maganar alkakin. Ta ce, "Wai a sama babu ido," daidai yadda na rubuta shi. Ta kuma yi mata fatan alheri kan komawa Yamai.

Mama A'i ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta ce kawai, "Ai da ni kika fara gaya wa." Tun jiya tana yi mini magana a hankali kamar baƙuwa. Matar da ta tashe ni ta ji daga bakin maƙwabciyar wasu cewa akwai abin da nake nema wanda ba ta da shi.

Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa takardar taki ce ke kaɗai. Ba za ki ce ba ki gani ba. Ban taɓa faɗa wa kowa abin da ke cikinta ba, ko a addu'a da ƙyar nake faɗarsa. Me na yi miki? Wando ne? Na ba ki haƙuri a kan wando.

Ban iya zagi ba. Na zauna ina neman sunan da zan kira ki da shi, duk wanda na samo sai in tuna uwarmu ɗaya.

Abu ɗaya nake so in sani. Inna tana wurin?

Sahadatou


Saint-Denis, 28 ga Maris

Sahadatou,

Lafiya lau muke, in wannan ake kira lafiya.

Eh, tana wurin. Ranar Lahadi ce, matan ginin sun zo kitso a falonmu. Inna ta ce, "Karanta mana abin da Lyon suka ce kan ƙanƙara." Na karanta ta farko. Hajiya Fatsima ta hango ta biyu ta ce, "Waccan fa?" Da na ga dama da na ce aikin lakwal ne. Ban ga dama ba. Kada ki nema mini uzuri, ba kuskure na yi ba.

Kin ce ba zan gane ba tunda kullum ina jin sunana. Bon, bari in gaya miki yadda nake jin sa. Raliatou, wanke-wanke. Raliatou, sauka ki sayo burodi. Raliatou, shiga metro ki je Château Rouge, kuka ta ƙare. Raliatou, zo ki gaya mini abin da likita ya rubuta. Sunana a gidan nan tsumman goge tebur ne. Naki kuwa yana ƙasan akwati a ninke, kamar zanen da ake jin tsoron ɗaurawa kada ya koɗe. Sannan ke ce za ki rubuto mini in tausaya miki, in kuma matsa in ba ki kujera.

Kina son ki san yadda take faɗar abu? Tun ranar da takardarki ta farko ta zo, Inna da ba ta damu da tele ba, da an gama labarai sai ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya gaban meteyo. Ta koyi inda Savoie take a taswira. "Can wajen duwatsun me ya ce?" Ni ke fassarawa. Ranar da ya ce ƙanƙara ta zuba, dambu da zogale ta yi mana, ranar Talata, babu baƙo babu salla. Shekara nawa ina tafiya kolej cikin ruwa, ba ta taɓa tsayawa gaban tele don ta ji ko zan jiƙe ba.

Da na gama karantawa matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Safi, shirya, ƴar fari za ta kai ki sama ta tsare ki!" Inna ta tashi da rabin kai a tsefe, ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ba ta fito ba sai da suka watse. Ba ta dake ni ba. Ta ce, "Babu inda za ni." Yanzu in ta hau kujerar nan da ke, ginin nan duka ya hau tare da ku, ta sani.

Ta daina kallon meteyo. Ni ma tun ranar ba ta kira sunana ba. In tana son gishiri sai ta tashi ta ɗauko.

Yanzu mu biyu ne ba mu da suna. Kin ji daɗi?

Raliatou


Lyon, 31 ga Maris

Raliatou,

Na samu takardarki. A gaida mutanen gida.

Ɗumi ya dawo. A Lyon mutane sun fara zama bakin kogi babu rigar sanyi. A Praz-Morin wadda ta zuba tana narkewa, sun ce da safe tauri kamar dutse, da azahar kamar kunun da aka cika wa ruwa. Kujerar da safe kawai take aiki yanzu, kuma daga Litinin ta Pâques za su kashe ta sai baɗi.

Baba Saley ya tambaye ni ko ya mayar wa kwamitin ɗakinsu, wani ya samu. Na ce ya mayar. Ranar Alhamis zai gaya musu.

Maganar meteyo da dambu, na so a ce ba ki rubuta ba. Kafin in karanta ina ganin abin da ban taɓa samu ba ne na rasa. Yanzu na san tana hanya kika tare ta.

Abin da kika faɗa game da sunanki ban taɓa tunaninsa ba, gaskiya ne. Amma da ni kika gaya wa, kamar yadda ni ke na gaya wa.

Ki ce wa Inna... a'a, kada ki ce mata komai. In kina da saƙo nan gaba ki ba Mama A'i.

Sahadatou


Saint-Denis, 3 ga Afrilu

Sahadatou,

Muna lafiya. Ba zan ba Mama A'i saƙo ba, ni ba Inna ba ce, abin da zan faɗa a fuskarki zan faɗe shi.

Baba Ilya ya kira Baba Saley jiya, ba za a mayar da ɗakin ba. Muna zuwa ranar Asabar.

Ranar Lahadi matan sun dawo kitso. Na jira suka cika falo, sannan na fara. Na ce kowa a ajinmu ya taɓa ganin dutse sai ni. Na ce an yi mini alkawarin ski an hana ni saboda ta gidan Saley. Na yi kuka, na buga ƙofa, har da zama a ƙasa kamar ƴar yaye. Hajiya Fatsima ta ce, "Haba Safi, ki bar yarinya ta je mana." Na ce to ni kaɗai zan shiga TGV. Ta dafe ƙirji ta ce, "Budurwa kamar wannan ita kaɗai a jirgi? A ƙasar nan?" Sai Inna ta ce, "To sai in raka ta, ya zan yi da ita." Ke nan rakiyata za ta zo. Ginin duka shaida ne.

Kada ki fara murna. A gabansu ta ce in har za ta hau wannan abin, da ni za ta hau, ni na jawo. Ke da Mama A'i a baya. Kuma kada ki tarbe mu a tasha da wannan fuskar taki ta marainiya.

Ba don ke na yi ba. Na gaji da gidan da babu mai kiran kowa. Da matan suka fita ta ce, "Raliatou, tashi daga ƙasa, munafuka." Wallahi har na ji daɗi.

Jiya mun je Barbès sayen safar hannu. Mu biyu ne, uku ta ɗauka. Na tambaye ta, ta ce ko ɗaya za ta ɓace.

Ki zo da wandon. In ya yi mini muni zan ce naki ne.

Raliatou


Saint-Denis, 14 ga Afrilu

Sahadatou,

Mun iso lafiya. Ƙafar Inna ta kumbura a jirgi, gwiwata kuma ta yi baƙi ƙirin. A gaida Baba Saley, a gaida Mama A'i da kyau.

Ƙanƙarar taku dai taɓo ce, yadda na faɗa tun farko. Wani farin ƙyalle a tsakiyar ciyawa, Turawa suna zamewa a kai da riguna masu gajeren hannu.

Kin san abin da ya faru a layin kujera, amma ba ki gan shi daga ƙasa ba. Ina gefen Inna, kujera na tahowa, sai santsi ya kwashe ni. Santsi ne. Haka na gaya wa Hajiya Fatsima, na nuna mata gwiwar, har ta shafa mini man zafi. Ina kwance cikin ruwan sanyi na ga mutumin nan mai jar riga ya kamo hannunki yana "Allez, allez, mademoiselle!" don kada tsohuwa ta tafi ita kaɗai. Na kuma ga hannun Mama A'i a bayanki. Ki tambaye ta ko ita ma santsi ne.

Da kuka sauko Inna ta wuce ki kamar ba ta taɓa ganin ki ba, ta zo tana yi mini faɗan jiƙa wandon mutane. Ke kuma kin yi ta kallon takalmanki har muka rabu. A jirgi na tambaye ta, ta ce, "An ga duwatsu."

Ban tambaye ki a can ba don kada ki ga kamar na damu. Ban damu ba. Amma ni na faɗi a taɓo gaban Turawa, ina da hakki. Me ta ce?

Raliatou


Lyon, 17 ga Afrilu

Zuwa ga Raliatou,

Assalamu alaikum. Sannunku da hanya. Yaya ƙafar Inna, yaya gwiwa? Mu nan lafiya. Na tambayi Mama A'i, ta ce ita ba ta tura kowa ba, dafa ni ta yi don kada ta faɗi.

Ga abin da kika tambaya.

Da kujerar ta tashi, Inna ta riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu, ta juya fuskarta wajen itatuwa. Ni ma na juya tawa ɗaya gefen. Duk maganganun da na shirya tun Janairu suka gudu. Ba ka jin komai sai kukan waya a sama da ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙanƙara. Muka wuce wasu manyan duwatsu da suka fito tsirara, ta ce, "Kamar na Birni." Da duwatsun Damagaram take.

A tsakiyar hanya kujerar ta tsaya. Wataƙila wani ne ya faɗi a ƙasa, shi da gaske. Muka yi ta lilo a kan rami. Ta ce, "Innalillahi," sai na ji hannunta a wuyan hannuna, a kan safar nan ta uku. Ba ta kalle ni ba. Iska ta taso, gyalena ya kwance.

Sai ta ce, tana kallon itatuwa, "A ce wa yarinya ta rufe wuyanta, akwai iska."

Na waiga. Kujerar gabanmu babu kowa, ta bayanmu babu kowa. Da farko wani baƙin ciki ya taso mini, na ce a raina har a nan ma? Sai na lura ta yi shiru irin na mai jiran amsa. Ta san babu wanda zai kai saƙon.

Na ɗaure gyalen. Na kalli nawa gefen na ce, "A ce mata an rufe."

Ta ce, "A tambaye ta ko tana cin abinci. Ta rame."

Na ce, "A ce mata tana ci. Karatu ne."

"A ce mata ta riƙe A'i da kyau. Ita ta sha wahalarta."

"A ce mata ta sani."

Kujerar ta motsa. Muka yi ta aiken nan har sama, muka juyo da shi. Ta tambaya ko har yanzu ina tsoron kaji, wai ina rarrafe wani zakara ya taɓa korata har ɗaki. Ban san ta san ni da tsoron kaji ba. Da muka fara hango rufin gidaje ta ce, "A gaya mata in ta je Yamai ta riƙa rubutu. Akwai mai karantawa."

Na ce, "A ce mata mai karantawar ba ta da amana."

Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa sa ta dariya ba sai ranar, kuma da ke na samu. Da mutanen ƙasa suka fara zama mutane, har na gane ki a jiƙe kusa da mai jar riga, ta saki hannuna ta mayar da nata kan ƙarfe.

Washegari suka kashe kujerar. Baba Saley ya ce yanzu wurin na shanu ne.

Ban gama yafe miki ba, kada ki ɗauka gwiwa ɗaya ta biya. Wandon ki riƙe, ya fi yi miki kyau, na ji haushin haka.

Wannan takardar in kin ga dama ki karanta ta ranar Lahadi gaban su Hajiya Fatsima, tun daga sama har ƙasa. Babu abin da za su kama. Inna ba ta yi mini magana ba.

Yayarki, ko ba ki san bayana ba,
Sahadatou